Na Ɗaure Feda, Saura Kaɗan In Rasa Ƙafa

Jama'a, ga ni! Ina raye, kuma ƙafafuna biyu cif. Wata takwas ban ce muku uffan ba a nan, wasu har sun ɗauka na bar Tasawa. Ban tafi ko'ina ba, jinya na yi, kuma yau bakina ya ƙi rufuwa don murna.

Kun san ni, mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko ta ƙauye a hanyar Korgom. Da sojoji suka hau mulki, aka rufe iyaka, esansi, wato man fetur, ya yi tsada, ga damina ba ta yi kyau ba. Sai na jingine babur na koma keke, irin mai manyan tayoyin nan na shiga daji.

A gwanjon Maraɗi na ci karo da wata feda da takalminta. Akwai ɗan ƙarfe a ƙasan takalmin, in ka taka sai ya shige cikin feda ya kama. In za ka sauka, ka murɗa dunduniya waje, ya sake ka. Kai, daɗi! Cikin rairayi ƙafa ba ta zamewa, kana turawa kana ja.

Aibinta ɗaya, ƙara. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, tun daga gida har lakwal. Mata a rijiya suna jina kafin su gan ni, har suka sa mini suna Mushe Gyare.

Mu nan, abu in yana ƙara, ɗaure shi ake yi, ko amalanke ko ƙofa. Sai na sami ɗan notin da ke jikin fedar na murɗe shi har ƙarshe. Ƙara ta ragu, na yi ta yabon kaina. Ashe notin nan shi ke sa feda ta riƙe takalmi da ƙarfi.

Washegari da safe, a wata gangara, amalanken shanu ya fito mini daga bayan geza. Na kama birki, na murɗa dunduniya, ta ƙi fita. Na faɗi da keken manne a ƙafata ta dama, na ji ƙashin ƙwauri ya ce ƙas.

Mai amalanken ne ya kawo ni gida. Kawuna Ilu, ƙanen mahaifiyata, ya ce, "Wanga ba aikin likita ba ne, ɗana. Ɗori za a yi, kwana arba'in ka tashi." Ya kawo mai ɗori, aka ja ƙafar, aka jera kara, aka ɗaure tamau. Na yarda, don ni ma haka na taso na gani.

Kwana uku ƙafar tana kumbura. Zafin ya wuce na karaya, kamar an cusa ta cikin murhu. Rana ta huɗu zafin ya ragu, na yi murna. Matata Rahila ta taɓa yatsun ta ji su da sanyi, sun yi baƙi.

Ta ce, "Baban Lidiya, ka ji na taɓa ka?"

Ban ji ba.

Ba ta jira kowa ba, ta nemo mota. Ta durƙusa gaban kawu ta ce, "Ku yi haƙuri, Kawu, yau dai likita za mu."

A asibitin Tasawa suka yanke ɗorin, ƙafar duk ta yi bororo. Suka tura mu Maraɗi. Hoton ƙashi, awon jini, ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Rahila ta sayar da tumakinta biyu.

Likitan ya duba ya ce, "Mushe, ba zan ɓoye maka ba. Za mu tsaga mu ba jini hanya. In bai sauko ba cikin kwana biyu, ƙafar nan sai an cire ta."

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi kuka a gaban matata, ban ji kunya ba.

Aka yi aikin. Kowace safiya majo, wato ma'aikacin jinya, yakan zo ya danna farcen babban yatsana, ya saki, ya duba ko ja zai dawo. Ranar farko, shiru. Rana ta biyu ya danna, ya saki, sai ya ɗaga murya, "Madam, taho ki gani!" Farcen ya yi ja. Rahila ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, sai da aka ce ta sassauta.

Bayan nan aka sa ƙarfe a ƙashin. Wata uku da sanduna biyu, wata biyu da ɗaya, sannan koyon tafiya kamar yaro.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da majo, da 'yan'uwa na majami'armu, da maƙwabtan da suka sa ni a addu'a a masallaci. Kawu Ilu kullum yana bakin gadona, ban riƙe shi da komai ba. Rahila kuwa, ba ni da bakin gode mata.

Masu keke, ku ji. In za ku sayi irin wannan feda, ku zaɓi mai buɗaɗɗen ciki wadda rairayi ke zubewa, ita ce ba ta cika ƙara ba. In ta yi ƙara, ku goge ta da ƙarfen takalmin, ku shafa kyandir, kada ku zuba baƙin mai, ƙasa yake tarawa. Notin nan ku bar shi sako-sako, ku dafa bango ku koyi cire ƙafa kafin ku shiga daji.

Kowa da kowa kuma, in an yi ɗori yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji, ku kwance shi ku nufi likita a ranar.

Jiya da la'asar na hau keke karo na farko. Na zagaya bayan gari, iska tana dukan fuskata, ina dariya ni kaɗai kamar mahaukaci. Da na iso ƙofar gida Rahila tana tsaye, hannunta a ƙirji. Na kama birki, na murɗa dunduniya, feda ta sake ni, na dira ƙasa da ƙafar da aka ce za a cire.