Ranar da Kawu Ya Yi Mini Tallan Littafi

Ko da zan manta da duk wahalar da na sha kafin littafina na farko ya fito, ba na jin zan manta da wata Asabar da muka je Katagum ni da kawuna. Har yau in ta faɗo mini ina kan keken ɗinki, sai in tsayar da ƙafa in yi dariya, amma dariyar ba ta rasa ɗan ciwo.

Ni tela ne a Azare. Shekara huɗu na yi ina rubuta labarin nan tsakanin wannan ɗinki da wancan, har na kai aka buga mini shi a kwamfuta. Daga nan aiki ya tsaya cik. Masu ɗab'i suna Kano, masu fim suna Kano, kuma ba sa duba rubutun baƙo sai wani ya riƙo hannunsa. Na aika wa mutum uku ta waya. Ɗaya ya ce za su duba, har yau yana dubawa. Sauran biyun ko sallamata ba su amsa ba.

Ana nan sai wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni labarin wata Hajiya 'yar Katagum da ke zaune a Kano. Sana'arta ke nan: ta karɓi rubutu, in ya kwanta mata ta shiga da shi wurin masu ɗab'i da masu shirya fim, ta tsaya wa marubucin har a daidaita. Dillaliya dai, amma ta labari. Za ta zo gida suna, kwana biyu kacal, kuma an roƙa mini ita ta ce in zo bayan azahar.

To a nan na tafka wautar. Mu yadda muka tashi, in kana neman abu mai girma ba kai ke buɗe baki ba. Aure ne, gona ce, gurbin aiki ne, babba kake sawa a gaba ya yi magana, kai kuwa ka sunkuyar da kai. Mahaifiyata Bafulatana ce, ta ƙara mana da nata, cewa yabon abin hannunka rashin kunya ne. Don haka na je na ɗauko Kawu, ya sha babbar riga, na zuba rubutun a ambulan, muka hau motar haya. Ko shafi ɗaya bai taɓa karantawa ba, ni kuma a lokacin ban ga aibin hakan ba.

Hajiya ta karɓe mu a zauren gidansu. Dattijuwa ce mai fara'a, da tabarau a fuska. Bayan an gama gaisawa ta lura jikina a ɗaure yake, sai ta ce, "Malam, kana kallon finafinan nan namu na yanzu kuwa?"

Ai kamar ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Akwai talabijin a shagona, kuma duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗinki ya san bakina. Na ce mata hoto ya gyaru, sauti ya fito, an rage cusa rawa da waƙa ba gaira ba dalili, wannan dole a yaba. Amma masu dogon zangon nan ƙarin ruwa a miya suka koma, labarin zama uku sai a ja shi shekara biyu. Kowa a falo yake zaune, ba ka taɓa ganin inda attajiri ke samo kuɗinsa ba. A ce maka wannan baƙauye ne, amma wuyan rigarsa ɗinkin birni ne, ko karin guga bai baje ba. Na yi kusan rabin awa ina zuba, tana dariya tana cewa, "Wallahi ba ka yi ƙarya ba."

Can sai ta ce, "To madalla. Mai irin wannan idon, bari mu ji nasa. Ba ni labarin littafinka a taƙaice."

Nan take na sunkuyar da kai. Na dubi Kawu. Kawu ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, yaron nan ɗan mutunci ne. Tun tasowarsa ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ba ya fashin jam'i. Ɗinkinsa kuwa ga shi a jikina, sallah uku ke nan ko zare bai tashi ba. Kakansa na wajen uba…"

Ta saurare shi har ya kai ƙarshen asalina, sannan ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi masa albarka, Alhaji, amma ai ba 'ya zan ba shi ba. Malam, me ke cikin littafin?"

Na ce, "Ai ba wani abu ba ne, Hajiya. 'Yan kame-kame ne irin na mai koyo." A raina jira nake ta ce haba, ta matsa mini, yadda ake matsa wa baƙo ya sa hannu a kwano.

"Wane ne a ciki, kuma me yake nema?"

"Sai dai in kin duba, ranki ya daɗe."

Ta cire tabarau ta dube ni, ba da faɗa ba. "Malam, jakata cike take da rubutun mutane. Inda nake kaiwa ko minti biyar ba sa ba ni. Abin da ka faɗa mini shi zan faɗa musu. In mai kaya ya ce kayansa ba wani abu ba ne, dillali ya ce me?" Ta turo mini ambulan ɗina a hankali. Daidai nan mata suka aiko kiranta daga cikin gida, ta yi mana sallama ta shige.

A mota takaici ya cika ni. Mun yi nisa sai Kawu ya ce, "Wai ni kam, me ka rubuta ne a ciki?"

Cikin haushi na fara gaya masa. Labarin wani tsoho ne mai haƙar rijiya, idonsa ya fara mutuwa, ba shi da ɗa namiji. 'Yarsa ce ke sauka ramin a ɓoye a madadinsa, gari na shan ruwa yana yabon tsohon. Ina cikin bayani na lura motar ta yi tsit, direba ma ya rage rediyo. Da muka iso Gadau, wata mata da za ta sauka ta ce, "Direba, don Allah dakata, sai na ji ko asirinsu ya tonu." Ya kuwa dakata, mota na kunne, har na kai ƙarshe.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, amma ka cuce mu. Wannan ne ba wani abu ba?"

Washegari na nemi Hajiya, aka ce ta kama hanyar Kano. Na aika saƙo ba amsa, kuma ban ga laifinta ba. Sai da na ƙara shekara uku kafin wata ƙofar ta buɗe.

Har gobe ina koya wa 'ya'yana kunya, don ado ce. Amma ranar na gane cewa faɗin abin da ka yi daban, yabon kai daban. Abin da ya fito daga hannunka kai ne waliyyinsa. In aka tambaye ka ka yi shiru, duk son da kawunka ke maka ba zai iya faɗa a madadinka ba.