Man da ya daina raguwa

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja, ni ne direban a-kori-kurar wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Tasawa. Ina kwaso buhuna daga ƙauyuka har wajen Mayahi, da la'asar in ajiye motar a ƙofar gidana a Maijirgi. Duk unguwarmu ni kaɗai na iya tuƙi, kuma ban ɓoye wa kowa cewa ina ji da kaina ba.

A wata kaka man inji, wanda muke ce wa luwul, ya soma raguwa. Kullum da safe in buɗe kan mota, in zaro sandar awo, in ga ya sauka. Na duba inda take kwana, ban ga ɗigo ba. Da na je karɓar wani galan, Alhaji ya kalle ni ta gefen ido.

"Wagga mota da can ba ta sha hakanan. Ko masu amalanke na samun na shafa ma ƙafa?"

Maganar ta ci mini rai. Na gaya wa matata, wadda ke soya ƙuli-ƙuli tana kai mansa kasuwa. Ta kwashe tuwon da na kasa ci.

Bayan kwana uku mai ya daina raguwa, alhali ban ƙara ko cokali ba. Wani zai yi murna, ni kuwa hankalina ya tashi. Na zargi ɗan 'yar'uwar Alhaji, wanda ya daɗe da ƙyalla ido kan makullin motar, da shirya mini makirci. Na zargi maƙwabcina don ya fiye gaisuwa. Ga inji ya yi nauyi da safe, yana wani wari da na sani amma na kasa tuna na mene ne.

Na kai wa Alhaji magana, ya ce a kai ta gareji, ya biyo mu da kujerarsa. Bakaniken wani dattijo ne mara son surutu. Ya tsiyaye man, ya kwance ƙusoshi, ya sauke karte, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji. Juwan ɗin, wato kwalin da ke toshe bakin kaskon, ya tsage a kusurwa ɗaya.

"Ga ɓarawonka, Alhaji," in ji shi. "Sai ta yi zahi bisa hanya take zubarwa."

Na yi ajiyar zuciya. Sai dattijon ya lakato wani abu mai danƙo daga gindin kaskon, ya sansana.

"Amma wanga ba luwul ba na zalla. Akwai man gyaɗa ciki."

Alhaji ya juyo a hankali. "To. Ka saida na mota, ka cika da na miya."

Nan take na gane warin, na kuma tuna matata, mai tsayawa bakin zaure kullum da safe tana kallon inda nake zuba mai. Da a ce na ambace ta, da kafin ranar kasuwa ta zama abin dariyar Tasawa.

"Ni na zuba," na ce.

Na tsaya ina kallo dattijon ya wanke kaskon da kananzir, ya ɗora kwali mai kauri a bakinsa, yana bi da ƙaramar guduma har sabon juwan ya fita daidai. Ya ɗaure ƙusoshin, ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan, don kada ya matse gefe guda. Inji ya tashi lafiya lau. Alhaji ya miƙo mini tafin hannu, na sa masa makulli.

A amalanken jaki na koma Maijirgi, ina ta shirya faɗan da zan yi. Na tarar da matata tana wanke kwalabe huɗu, waɗanda ya kamata a ce sun tafi kasuwa cike da mai. Ta leƙa bayana, ba ta ga mota ba.

"Maigida," ta ce a hankali, "bai isa ba ko? Akwai sauran kwalba guda, na ɓoye maka."