Diga da Shebur a Kangon Bishop

Ranar da mijina ya rasu, Malachy Devane ne ya haƙa masa kabari cikin ruwan sama. Ya gicciya diga da shebur a bakin ramin yadda iyayenmu ke yi don tsare buɗaɗɗen kabari, ko shayi bai tsaya sha ba.

Makiyayin tumaki ne. Shekara arba'in yana kiwo a kangon gidan bishop, bai taɓa ɗaukar dutse ɗaya ba. Shi ya nuna wa masu tonon kayan tarihi inda mutanen dauri suke kwance.

Bayan tafiyarsu, Cathal, mai gonar da kangon ke ciki, ya kawo tarakta zai kwashe duwatsun ya yi wa shanunsa shinge. Ina shanyar kaya na hango. Bango ya faɗi, ga haƙarƙarin mutum a fili cikin rami. Malachy ya gicciya kayan aikinsa a kai, ya tsaya.

"Kauce, tsoho! Kakanka ne?" in ji Cathal.

"Wataƙila naka ne. Ga haƙoran gidanku nan."

Cathal ya diro, ya fizgi shebur ɗin ya zabga masa a muƙamuƙi, ya ƙara masa a kafaɗa. Tun daga ƙofata na ji karyewar ƙashi. Jini ya jiƙa ramin.

A asibiti, bakin Malachy ɗaure da waya, da ƙyar na ji shi.

"Nuala, diga kaɗai ta rage a can. Ki kai shebur ɗin marigayi mijinki ki gicciya. Kada bawan Allahn nan ya kwana a buɗe."