Tsohon da ke yin tubali cikin damina

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, da ni abin ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina aikin gini a Safana, tun kafin dajin nan namu ya lalace, ga ƙuruciya ga ji da kai, na iya jera bulo na iya filasta, duk mai gini da ƙasa kallon ɗan ƙauye nake masa.

Wani ma'aikaci da ke zaune a Katsina ya ɗauke ni in gyara gidan gonarsu da ke bayan Yasore, inda tsohuwarsa Inna Hajara ta ce ba mai tashinta sai mutuwa. Kakansa ne ya gina gidan, magini ne, a nan yake yin tubalinsa, kududdufin bayan gidan ma ramin ƙasar da ya haƙa ne, an ce rabin gidajen yankin daga cikinsa suka fito. Soron Inna ɗaurin guga ne, irin rufin nan da ƙafafunsa ke tasowa daga bango su lanƙwasa su haɗu a tsakiya, da azarar giginya, bangon kuwa in ka zura hannu ta taga da ƙyar yatsunka su leƙa waje, ko ana zafin bazara ciki sanyi kamar randa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi masa yaɓe an share indararo.

Ni kuwa gwani na ce an daina wannan wahalar. Na lafta masa siminti ciki da waje har sama, indararon gabas kuma na ga zai riƙa zubo ruwa yana ɓata min ado, na cire shi na toshe, na bar na yamma shi kaɗai. Inna ta ce, “Ɗan nan, mai ginin nan bai taɓa toshe wannan ba.” Na yi dariya na ce mata zamani ya canza.

Cikin watan Agusta na koma in ƙarasa zaure, aka kwana uku ana sheƙa ruwa. Rana ta huɗu bayan la'asar ya ɗauke, na zagaya kududdufi in wanke cebur da kwano, sai ga wani tsoho tsugune, wando a naɗe, yana mulmula tubali yana jerawa. Duk wanda ya san gini ya san da rani ake tubali, don rana ce ke busar da shi. Muka gaisa, na tambaye shi ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara, ni da tsokana na ce, “Baba, wace ranar za ta busar maka da waɗannan?”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Kai ne ka sa ma soro siminti?” Na ce ni ne. Ya ce, “Ruwa ya kwanta bisa, ya bi tsaga ya shige, ka hana shi hita. Ƙahwar guga ta gabas ta zama kunu. Tahi ka hiddo amarya, kar ka tsaya ɗaukar kaya.” Na ce wace amarya kuma, ya ce ta gidan.

Ban san abin da ya sa na bi maganarsa ba. Na tarar da Inna kwance tana fama da sanyin ƙashi, carbi a hannu, bango kuwa sumul, ba alamar komai, har kunya ta kama ni zan juya. Sai na ɗan danna filastar da tafin hannu, wallahi ta lotsa, ruwan laka ya biyo min hannu har gwiwa. Ban yi shawara ba na goya ta, tana faɗa tana cewa in bar ta ta ɗauki butarta, mun kai tsakar gida ke nan na ji azara ta yi ƙara, gefen gabas gaba ɗaya ya rufto kan gadon da na ɗauke ta. Na zauna a taɓo na yi kuka, don da hannuna na kusa kashe uwar mutane.

Maƙwabta suka taru suna tambayar yadda aka yi na sani, na faɗa musu. Inna ta ce, “Amarya ya ce? Surukina kaɗai ke kirana haka, har na yi jikoki bai daina ba, har Allah ya ɗauke shi.” Muka ɗunguma bakin kududdufi, ba kowa, ba sawu a laka sai nawa, amma ga tubalan nan jere, ɗanyu, da shatin yatsu a jikinsu.

Ni ban ce shi ne ba, na san wanda ya mutu ba ya dawowa. Wani malami ya ce ƙila aljani ne musulmi, wani ya ce in yi shiru in gode wa Allah, kuma shawararsa na ɗauka, har gobe ina godewa. Da ɗanta ya zo na faɗa masa laifina ne, ya taso min, Inna ta ce ba mai zagin wanda ya goya ta a gabanta. Da rani na dawo na yi wa tsofaffin magina lebura kyauta, muka ta da soron da ƙasa yadda yake, a ciki ta ƙarasa kwanakinta lafiya, Allah ya ji ƙanta, ya ji ƙan wanda ya gina shi.

Shawarata, in kun gāji ginin ƙasa kar ku rufe shi da siminti ba ku tambayi manya ba, kuma duk abin da kuka tarar an bari a buɗe, ku nemi dalili kafin ku toshe. Ni dai har yau in zan wuce tsohon kududdufi sai na yi sallama, amma ba na tsayawa in ji ko za a amsa.