Sadakar 'Yan Gurguzu

Duk sa'ad da ruwan farko ya sauka kan tsofaffin kwanukan rufin Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, ƙamshin waina nake ji, ko da babu tanda a wuta. Lokacin ne kakana yake yi wa abokansa biyu sadaka.

Ban same su da rai ba. Ɗaya Bahaushe, ɗaya Bayarabe, su suka haɗa kan 'yan dako da leburorin jirgin ƙasa, suna cewa arzikin ƙasa na mai gumi ne. Aka tsinci gawarwakinsu a bakin layin dogo, ba a kama kowa ba. Kakana, da ya sha yawon taro tare da su, ba shi da halin gina musu hasumiya, sai ya yi abin da ya iya: kowace shekara kakata ta toya waina, limamin unguwa ya zo zaure da mutanensa, a sauke Alƙur'ani, a raba.

Wata shekara wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa a kasuwar Bodija, wanda bai daɗe da fara sayen jarida ba, ya kai wa liman labari cewa mamatan 'yan gurguzu ne, ɗan gurguzu kuwa bai san Allah ba. Ka san Sabo: in liman ya ƙi zuwa, ko kaza ba za ta taɓa wainar ba, sadaka ta mutu ke nan.

Ranar ta zo, aka shimfiɗa tabarmi. Hantsi ya dubi ludayi, babu liman. Waina ta huce. Kakana yana jan carbi da saurin da ban san shi da shi ba. Kakata ta leƙo ta ce, "Malam, in ci gaba ko in kashe wuta?" Ya ci gaba da jan carbinsa, idonsa a ƙofar zaure.

Dab da azahar sai ga liman, bakin riga duk taɓo. Ashe suna ne ya riƙe shi a unguwar Mokola.

"An ce mini mutanenka ba su da addini," in ji shi, yana cire takalmi.

"Ni ma haka na ji, Allah gafarta Malam."

"To, ni na yi musu wanka, na ga tabon sujada a goshinsu. Mai albasa jarida ya gani. A miƙo izu."

Kakana ya sauke wani numfashi, ya ce a ɗumama waina.

Yau daga shi har liman sun kwanta dama, sadakar ta dawo hannuna. Jikokin Bayaraben suna zuwa, samari suna ɗaukar hoto da waya, rabin hirar da Yarbanci. Kalmar gurguzu ta daina tsorata kowa. Bara ma wani saurayi tambayata ya yi ko sunan garin mamatan ne. Na ce ya ci waina tukuna, labarin da tsawo.