Takardar ɗiyata da na ɗinke a laya

Shekarun baya kaɗan, lokacin idona na iya zura zare a allura ba tabarau, ɗiyata ta dawo garinmu Sokodé da takardar gama karatun kwamfuta, ba aiki. Ni baduku ne, aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka koro ni, kuma har yau ban ga laifin wanda ya koro ni ba.

Wata ƙungiyar mata masu man kaɗe a Dapaong ta ce ta gina musu shafin intanet da zai nuna daga hannun wa kowace gwangwani ta fito. In ya yi musu kyau, su ɗauke ta aiki. Ɗiyata ta ce da "bulokcen" za ta yi. Na ce mene ne shi? Ta ce littafi ne da kowa ke riƙe da kwafinsa, abin da aka rubuta ba mai iya gogewa. Na ce, "To ai tsofaffin matan zango ne aka zuba a na'ura."

A rumfata ta zauna, don nan rezo, wato sabis ɗin intanet, ya fi kamawa. Kwana uku ba ta ma fara ginin ba, wai shirya wurin aiki take. Ta sauko da wannan, ya ce sai an kawo masa wancan. Ta kawo wancan, ya ce wannan ya tsufa. Jan rubutu ya cika allo, ta dafe kai. Ni ma nakan leƙa in yi tsaki, don a san ana tare. Rana ta uku da hantsi ƙaramin bulokcen na gwaji ya tashi a cikin kwamfutarta, ta buɗe abin da ta kira jaka. Jakar ta ba ta kalmomi goma sha biyu, ta kwafe a takarda ta miƙo min.

"Baba, wannan ne mabuɗin komai. Ka adana, kar kowa ya gani."

Rubutun da ake adanawa kar kowa ya gani, ni hanya ɗaya na san ana yi masa. Na ninke, na naɗe da zare, na ɗinke a jar fata. Ranar kuwa abokina malam ya aiko da rubutun wani mahauci a ɗinke masa, shi ma a jar fata. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta shiga akwatina.

Bayan wata biyu ta tafi Dapaong. Ranar Laraba da azahar ta kira. Kwamfutar ta rikice, ta sake shirya komai daga farko, amma jakar ba ta buɗuwa sai da kalmomin, kuma gobe da safe matan za su taru. Na ce ta kwantar da hankali, ubanta ba ya wasa da amana. Na farke layar da alfahari. Sai ga rubutun Larabci da hatimi.

Na hau zemijan, babur ɗin haya, sai gidan malam. Ya yi dariya har carbi ya faɗi, sannan ya sa takalmi muka nufi kasuwa. Mahaucin na kan katakonsa, layar ɗaure a damtse. Muka yi bayani, ya ɗora hannu a kanta.

"Malam, ka yi haƙuri, wannan ba ta barin jikina. Tun da na ɗaura ta ciwon bayana ya tafi, nama kuma ba ya kai la'asar."

Malam ya ce, "Taka ta gaskiya ga ta nan, wannan boko ce."

"To a bar min bokon."

Na roƙe shi da girman furfurata, ya ce furfurar da ta haɗa layu biyu ta yi shiru. Sai da na ce masa aikin yarinya ne a ciki, in ba a buɗe ba za ta dawo gida hannu wofi. Nan ya sauko, don shi ma yana da 'ya'ya mata. Ya ce a farke a gabansa, a ɗinke a gabansa, takarda ba ta fita rumfa. Nan, tsakanin ƙuda da hanta, na farke, malam ya ɗauki hoto da wayarsa ya tura. Muka tsaya kamar masu jiran haihuwa. Can ta kira.

"Baba, ya buɗe. Amma me ya sa takardar ta yi jini?"

Na ce labarin mai tsawo ne, ta je ta yi aikinta.

Washegari matan suka gani, suka ɗauke ta. Da ta ji abin da ya faru, ta ce tun da an ɗauki hoton mabuɗin ba shi da sauran sirri. Ta buɗe sabuwar jaka, ta ce a bar wa mahauci tsohuwar takardar.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in yaro ya ba ni ajiya nakan tambaya mece ce, ko da amsar za ta fi ƙarfin kaina. Sabon mabuɗin dai a hannun mahaifiyarta ta bar shi. Na tambaya inda aka ajiye, su biyun suka ce ba ruwana.