Wuyan Insam

A garin Geumsan kowa ya san Yeom Gap-sun da faɗa, amma faɗan da ta yi a kakar bana ya fi na kullum.

Tun tana amarya take turara saiwar insam, wata saiwar magani mai tsada. A wanke ta, a turara, a shanya, har farar saiwa ta koma ja kamar garwashi. Kafin ta sa kowace saiwa a tukunya sai ta duba wuyanta, domin kowace shekara tana barin tabo a wurin. Wadda tabonta bai kai shida ba, ba ta shiga tukunyar Gap-sun.

Gonar bayan gida ita ce shukar ƙarshe da mijinta ya yi kafin ya rasu. Shekararta huɗu a ƙasa. In aka tone ta, shi ke nan, ƙasar ba za ta sake karɓar insam ba sai bayan shekaru masu yawa, Gap-sun kuwa ta haura saba'in.

Ranar nan ɗanta Du-sik ya shigo da wata 'yar kwalba mai murfin zinariya, yana ta murmushi.

"Umma, ga tsaraba. Man fuska ne, da jan insam a ciki."

Ta buɗe, ta shinshina. "Turare nake ji. Ina insam ɗin?"

"Masu yin sa ne za su sayi gonar bayan gida. Gobe zan tone."

"Wace gonar? Ta ubanka? Saura shekara biyu!"

"Haba Umma, niƙewa za su yi. Wa zai ƙirga tabon wuya a cikin man shafawa?"

"Ni zan ƙirga, ɗan nema! Ubanka ya durƙusa ƙarƙashin baƙar rumfar da ke yi wa shukar inuwa har gwiwarsa ta lalace, don 'yan matan Seoul su shafa jaririyar saiwa a kumatu? Su rubuta shekara shida a kwalba, ko? Da sunan gidanmu?"

"Ba wanda zai sani."

"Kai ma da na yaye ka kafin lokaci, da ba wanda zai sani. Ga shi na shayar da kai har ka ƙoshi, ka fito ba hankali!"

Du-sik ya ja tsaki, ya fita. Ita kuwa ta lakaci man, ta shafe ƙyauren ɗakin turare da ya daɗe yana ƙara.

Da safe ya nemi makullin tarakta ya rasa. Ya zazzage aljihu, ya ɗaga tabarma, ya leƙa cikin takalma. Ya tarar da uwarsa a tsakar gida tana ɗaure bakin babban tulun daddawar waken soya, hannunta duk ya ɓaci har gwiwa.

"Umma, kar dai..."

"Makullin yana can ƙasan tulun," in ji ta, tana jan igiya da haƙora. "Wannan sabon kwaɓi ne, ba ya nuna sai ya shekara biyu. Ka taɓa min tulu ka gani."